Injin goge walda da lantarki: aikinsa ya burge ni, mai sayarwa ya ɓata min rai

Duk mai waldar sitenles ya san ciwon kan da ke biyo bayan kashe wuta. Walda ta kwanta lafiya, amma gefenta ya ƙone, nan ruwan ɗorawa, can shuɗi, wani wurin har baƙi. Wannan launin ba ado ba ne. Abin da ke hana sitenles tsatsa shi ne kuromiyam ɗin da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen. Zafin walda yana janye kuromiyam ɗin wurin, shi ya sa za ka ga tankin da aka ce ba ya tsatsa ya fara ja daidai kan layin walda.

Na daɗe ina amfani da man asid ɗin nan da ake shafawa a jira a wanke, mai haidurofulorik da naitirik. Yana aiki, amma hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba. Haidurofulorik yana iya taɓa mutum bai ji zafi nan take ba, alhali yana ratsa fata yana kama kalsiyam ɗin jiki. Ina da yara masu koyon aiki, 'ya'yan mutane ne, kuma amana ne a hannuna. Wannan ne ya sa na sayi injin, ba son sabon abu ba.

Aikin da na fara gwada shi a kai wani tanki ne na sitenles, nau'in da ake kira 316, mai bututai da yawa a jikinsa, da lunguna inda giranda ba ta shiga sam. Na maƙala kebul ɗaya a jikin tankin, na tsoma burushin injin mai zaren kabon a ruwan gogewa na asid ɗin fosforik, na sa injin a AC, wato saitin gogewa, na ɗora. Sai wata 'yar ƙara, tsss, ɗan tururi ya tashi, kumfa ta fito a bakin burushin. Ina jan hannuna shuɗin yana ɓacewa a bayansa. Wallahi tsayawa na yi ina kallo. Babu ƙura, babu zanen da giranda ke bari, tsarin waldar yana nan yadda na ɗora shi, ɗigo bayan ɗigo, fes da shi. Babban yarona ya leƙo ya ce, "Oga, ashe da wahalar banza muke sha." Lungun da ke ƙarƙashin bututun fitar ruwa, wanda a da sai na kwanta da baya ina shafa asid a wurin da ke sama da fuskata, zaren burushin ya lanƙwasa ya shiga da kansa. Da na juya zuwa DC kuma, wato saitin sa ƙyalli, wurin ya ɗauki sheƙi har ya fi sauran jikin tankin, dole na sassauta don kada launin ya bambanta. A ranar, da an ce in ba injin nan maki, da duka zan ba shi.

Washegari na buɗe wurin aiki na tarar da farin tabo ya bi kowane layin walda, kamar an watsa ruwan gishiri ya bushe. Mun wanke da ruwa, mun goge da tsumma, amma ragowar asid ɗin ta sake fitowa daga cikin lunguna. Mai tankin kuma yana hanya. Na kira wanda ya sayar min, ya ce cikin kwanciyar hankali, "Ai Malam, akwai ruwan kashe asid da ake fesawa bayan an gama, daban ake sayar da shi." Daban? Da bakinsa ya ce min kayan sun cika, in je in fara aiki. Takardar da ke cikin kwalin hotunan haɗa kebul ne kawai, ba ta ce komai a kan wannan ba. Ya san sana'ata, ya san aikin mutane nake karɓa, ya bar ni na tafi da rabin kaya. Sai da na ba mai tanki haƙuri, na nemo ruwan a wani wuri, muka bi tankin nan kaf daga farko: gogewa, fesawa, ɗauraya, busarwa. Tabon ya fita bai dawo ba, amma kunyar da na ji a gaban mutumin da ya yarda da ni har yanzu tana raina.

Kuma tunda na fara faɗa, bari in ƙarasa. Ya ce min injin yana goge kowace irin walda. Ba haka ba ne. A kan waldar argon mai tsabta babu kamarsa. A kan waldar sanda mai kaurin datti kuwa, sai ka fara kankare dattin, kuma da burushin waya na sitenles, don na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa daga baya. Burushin kabon ɗin ma yana cinyewa da sauri fiye da yadda ya nuna min, musamman idan ya bushe ya fara tartsatsi. In ka danna shi da ƙarfi injin ya ɗauke wuta, sai ka jira. Tururin kuma yana shaƙe maƙogwaro a cikin tanki, don haka kada wani ya ce maka ba ka buƙatar safar hannu, tabarau da iska mai wucewa. Fosforik ya fi sauƙin haɗari, amma asid ne.

Ba zan koma ga man haidurofulorik ba, sai dai in aiki ya tilasta. Injin yana nan, muna aiki da shi kullum, yarana ma sun iya shi. Amma wanda zai saya ya buɗe kwalin a gaban mai sayarwa, ya ga ruwan gogewa, ya ga ruwan kashe asid, ya tambayi burushin canji ya riƙe shi a hannu kafin ya biya. Ni burushina na biyu ya kusa ƙarewa, kuma duk lokacin da na kira mutumin nan amsarsa ɗaya ce, wai kaya suna hanya.