Wane faifan lissafi ya kamata mai harba tofido ya saya?

Wanda ya taɓa kashe saitin da kwamfuta ke yi masa a Silent Hunter III, wasan kwamfuta na jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa, ko ya shiga irinsa Wolfpack inda kai da abokan wasa kuke yin komai da hannu, ya san halin da ake shiga: jirgin dakon kaya na tafe, madubin leƙe na sama, kuma sai ka san inda za ka aika tofido, makamin da ke gudu cikin ruwa, kafin jirgin ya wuce. A nan faifan lissafi yake da rana. Faifai biyu ne a kan ƙusa ɗaya, kowanne da lambobi a bakinsa, ka murɗa wannan a kan wancan amsa ta fito. William Oughtred na Ingila ne ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 17, kuma har yau bai gaza ba.

Kafin ka zaro kuɗi, ka san aikin da za ka ba shi. Tofido ba a saita shi inda jirgi yake, sai inda zai kai. Ka raba saurin jirgin da saurin tofido, ka ninka da sayin (sine a lissafin kusurwoyi) na kusurwar goshi, wato kusurwar da ke tsakanin inda jirgin ya dosa da inda kake. Abin da ya fito shi ne sayin na kusurwar da za ka sha gabansa da ita. A ce jirgi na gudun not 8 (not shi ne ma'aunin gudu a teku), kai kuma tofidon G7e ne da kai mai gudun not 30. In ya ba ka gefensa sosai, digiri 90, za ka sha gabansa da digiri 15.5. In kusurwar goshin 60 ce, amsar ta sauko 13.4. Nisa bai shiga lissafin ba matuƙar tofidon zai fita miƙe. Saboda haka tambayar da zan fara yi wa kowane faifai ɗaya ce: akwai layin S, na sayin, ko babu?

Da yawa E6B na matuƙan jirgin sama suke fara saye, don shi ya fi sauƙin samu. Wajen sauri da lokaci da nisa ba shi da laifi ko kaɗan. Jirgi mai tsawon mita 140 ya ɗauki daƙiƙa 34 kafin ya gama ratsa layin madubi, ka raba 140 da 34 ka ninka da 1.94, ga not 8. Amma fuskarsa ba ta da layin S. Akwai dabarar da za ta fitar da kai: raba 8 da 30, ninka da 60, ka sami 16 a maimakon 15.5. Rabin digiri a nisan mita 1000 bai kai mita 10 ba, kuma jirgi mai mita 140 zai haɗiye wannan kuskuren. Sai dai dabarar tana aiki ne in jirgin ya ba ka gefe. Da zarar ya karkace, kana bukatar sayin, kuma E6B ba zai ba ka ba.

Shi ya sa ni na fi karkata ga faifan injiniyoyi, irin Concise 300 na Japan, wanda ke ɗauke da layukan S da T (na tanjan, wato tangent) da ST. Layin ST na ƙananan kusurwoyi ne, ƙasa da digiri 6, kuma nan ne ake auna nisa: doguwar sandar jirgi mai mita 25 da ta cika digiri 1 a madubi tana nufin kusan mita 1430. Ka lura, kamfani ɗaya yana yin ƙananan faifai marasa S, kamanninsu ɗaya a hoto, don haka ka karanta jerin layukan kafin ka biya. Girma ma abin dubawa ne. Faifai mai faɗin santimita 10 kewayensa ya haura santimita 31, ya fi rula mai santimita 25 tsawon layi, kuma amsa ba ta taɓa faɗowa daga ƙarshensa tunda zagaye yake. Faifan da ya gaza haka, a ɗaki mai duhu, idonka ne zai sha wahala.

Akwai kuma kwafin kayan yaƙi na ainihi, Angriffsscheibe na Jamus da Is-Was na sojan ruwan Amurka. Fuskarsu ba ninkawa take yi ba. Tana haɗa inda ka dosa, da inda kake hango jirgi, da kusurwar goshinsa, ta faɗa maka hanyar da ya bi. Aiki ne da Concise ba ya yi, kuma riƙe shi a hannu yana ƙara wa wasa armashi ƙwarai. In za ka saya, juya bayansa ka tabbatar akwai layukan sayin da sauri, domin kwafi mai fuska ɗaya rabin aiki ne.

Wanda bai tabbatar zai dawwama a saitin hannu ba, ya fara da na takarda. Masu wasa sun zana su, ana bugawa a yanka a liƙa a kwali. Abu biyu ke ɓata su: buga faifan biyu da girma daban, da huda rami a karkace. Kaucewar milimita 1 daga tsakiya ta isa ta sa amsa ta riƙa sauyawa da inda ka murɗa. Gwajin da nake yi wa kowanne, na takarda ko na roba, shi ne in ɗora 1 a kan 2, in duba ko 2 ta faɗa kan 4, 3 kan 6, 4 kan 8 har zagaye. In ɗaya ta kauce, a sake bugawa.