Kafin ka sayi ƙwayoyin robar polietilin don haɗawa: wace ce ke shiri da wace?

Suna ɗaya ba ya sa robobi biyu su haɗu a cikin injin narkarwa. Abin da ke raba nau'o'in polietilin shi ne yanayin sarƙar sinadarinsu. Ta HDPE, mai lamba 2 a alamar sake sarrafawa, miƙaƙƙiya ce kusan babu reshe, sai zafi ya kai digiri 130 zuwa 135 take narkewa. Ta LDPE, mai lamba 4, dogayen rassa gare ta ko'ina, tun digiri 105 zuwa 115 ta saki. LLDPE kuwa gajerun rassa ne jere a jikinta.

Idan leda za ka busa, sayi LLDPE da LDPE. Ta farkon ce ke hana leda yagewa, ta biyun kuma, ko da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ce, tana riƙe kumfar ledar kada ta yi rawa yayin da take fitowa daga inji, ga ƙarin sheƙi. Ba lallai su zama abu guda can ciki ba, amma suna kama juna yadda aiki ke so. HDPE ta fi jituwa da LLDPE mai ƙarancin rassa, har sukan daskare tare. Da LDPE kuwa kowace a nata lokacin take daskarewa, don haka kada ka sa ran taurin HDPE zalla.

A ganina, lambar MFI ta fi sunan muhimmanci. Ita ce giram nawa na narkakkiyar roba ke zubowa cikin minti 10 a digiri 190, ƙarƙashin nauyin kilo 2.16. Ka haɗa mai 0.3 da mai 20, mai ruwa-ruwan za ta riƙa zagaye mai kaurin maimakon ta ratsa ta, sai kaya su fito da gudaji da zane-zane. Nemi takardar bayanin kaya, ka zaɓi waɗanda lambobinsu ke kusa.

Guji UHMWPE, polietilin mai sarƙoƙi dogaye ƙwarai, kaurinta ya wuce ƙarfin inji na yau da kullum. XLPE, polietilin mai sarƙoƙi ɗaure da juna ta jikin wayar lantarki, ba ta narkewa sam. Polipropilin, wata roba daban mai lamba 5, ba ta haɗuwa da polietilin, kuma takan ɓuya cikin robar da aka sake niƙawa. Irin wannan kaya, ɗauki buhu guda ka gwada a injinka kafin ka biya kuɗin tan.