Hadda ko Musanya: Wace Hanya Ta Fi Kama Yankin Jimlar Ingilishi?

Ɗalibin lakwal a Tawa yana shiga ajin Ingilishi da tarko a gabansa. A Faransanci “phrase” jimla ce cikakkiya, amma a Ingilishi yanki ne kawai na jimla. Yara da yawa nan suke fara tuntuɓe.

Wasu malamai hadda suke bayarwa: yankin suna, yankin aikatau, yankin sifa. Tana da sauri, tana kuma taimakawa ranar jarrabawa, sai dai mako biyu ya ishe ta gushewa.

Ni musanya na fi so. A rubuta “The tall trader from Konni sells onions in the market.” Cire kalmomi biyar na farko ka sa “he”, jimla ba ta karye ba, to yankin suna ke nan, kuma “trader” ne kansa, wato babbar kalmar da ke cikinsa. Sa “there” a madadin “in the market”, ka kama yankin da ke nuna wuri. Har “from Konni” yaro zai gano yanki ne cikin yanki, abin da hadda ba ta nuna masa.

Gaskiya musanya tana cin lokaci, musamman a aji mai cunkoso. Duk da haka da ita nake farawa, sunayen su biyo baya.