Atisayen taro ko na gida: wanne ya dace da Inna?

Hajiya, kin ce kuna shirin tara iyayenmu mata su riƙa motsa jiki tare bayan darasin Islamiyya, amma mahaifiyarki mai shekara 82 ta faɗi sau biyu a bana, kina tunanin ko a kai ta cikin taron ko a bar ta ta yi a gida. Allah ya ƙara mata lafiya. Kowanne an gwada shi, sai dai ba mutane iri ɗaya suka fi amfana ba.

Na taro da aka fi nazari a kansa shi ne tai chi, motsin nan na mutanen Sin da ake yi sannu a hankali, ana mayar da nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan. A jihar Oregon ta Amurka an gwada shi kan tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama, awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Ga kuma zumunci: wadda ta yi fashi sai an tambayi ko lafiya, kuma hakan ke sa a ɗore. Amma mai koyarwa ɗaya ba za ta iya sa ido kan mutum goma sha biyar lokaci guda ba.

Na gida kuwa shi ne tsarin Otago, daga Jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan. Likitan gashin ƙashi ko ma'aikaciyar jinya ke zuwa ta koyar, ta zaɓa wa mutum abin da ƙarfinsa zai ɗauka daga cikin motsi 17: tashi daga kujera da zama, ɗagawa kan yatsun ƙafa, tafiya dunduniya na taɓa yatsu, ɗaga ƙafa da ɗan nauyi ɗaure a idon sawu. Minti 30 ne, sau uku a mako, sannan tattaki sau biyu. A gwaji huɗu kan mutum 1,016, faɗuwa ta ragu da kashi 35, kuma waɗanda suka kai 80 suka riga suka taɓa faɗuwa su suka fi cin moriyarsa. Kada ki auna 58 da 35 ki ce na farko ya fi, don ba irin mutane ɗaya aka gwada ba. Matsalar na gida kaɗaici, in babu mai tunatarwa, sai a yi mako biyu a watsar.

Ni dai da mahaifiyata ce, da na gida zan fara. Wadda ta faɗi sau biyu tsoro ya riga ya shige ta, ga kunyar yin tangaɗi a gaban sa'o'inta. A sa jika ɗaya ta riƙa yi tare da ita, kusa da bango ko kujera mai ƙwari. In ƙafa ta yi ƙarfi bayan wasu watanni, sai ta shiga cikin 'yan'uwa.

Kafin nan a kai ta asibiti a duba idonta, a auna jininta a kwance da kuma a tsaye, a tafi da duk magungunan da take sha, musamman na barci da na hawan jini, domin wasunsu na kawo jiri in an miƙe.