504 ɗin Baba da Corolla ta: wacce ce ta zirga-zirgar kullum?

Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, motarsa Fijo 504 ce ta faɗo a rabona. Fara ce, ƙirar 1984, haɗin Kaduna, daga masana'antar Fijo ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Na riga na mallaki Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Shekara biyu ke nan ina hawan su biyun a garin Bauchi, abokai kuma sun dame ni da tambayar wacce ta fi.

In ana maganar jiki, ba a haɗa su. Ƙarfen 504 ƙarfe ne, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ji. Ga tsayi daga ƙasa, ga taushi a rami. Hanyar ƙauyenmu da damina, inda nake lallaɓa Corolla kamar mai ɗauke da ƙwai, ita tsohuwa shiga take yi kai tsaye. Ba banza ba gwamnati da direbobin tasha suka riƙe ta shekara da shekaru.

Amma fa tana da hidima irin ta tsofaffi. Da hunturu sai na buɗe gaba na duba ruwan lagireto da baƙin mai, na taka totur sau uku, sannan a jira ta ɗumama, yara na tsaye da jakunkuna suna kallona. Uwargida ta ce ita dai kada a kai ta biki a cikinta, tun ranar da muka nemi masu turi a shataletalen Wunti.

Wata rana a hanyar Gombe, dab da Alkaleri, ta fara tari ta mutu. Wani dattijon bakanike ya zo da sukundireba ɗaya, ya kwance kafireta, ya hure ƙazantar da bakinsa, ya goge kontak da sanfefa. "Tayar, Alhaji." Ta tashi. Abin da na ba shi bai kai kuɗin tsire ba. Matsalarta yanzu safaya: na asali ya yi wuya, sai na tsofaffin motocin da aka farfasa, ko jabu da ba ya wata uku.

Corolla kuwa sau ɗaya ta taɓa ba ni kunya, shi ma gurɓataccen mai na sha a wani gidan mai. Fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban sitiyari, bakanikena ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, wannan sai kwamfuta." Kwana uku tana gareji, kuɗin kuma ya ci na gyaran 504 na rabin shekara. Bayan wannan, murɗa makulli kawai, ga sanyin esi a zafin Afrilu.

Abin da ya raba gardama fetur ne. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, injin lita biyu mai kafireta ya zama baƙon da ba ya ƙoshi. Man da ke kai Corolla mako, tsohuwa kwana huɗu ta lashe shi.

Saboda haka makaranta, ofis da asibitin dare, Corolla nake ɗauka. 504 sai Juma'a da tafiyar ƙauye. Makon jiya a ƙofar masallaci wani dattijo ya shafa bayanta ya ce, "Ɗana, ta sayarwa ce?" Na ce masa a'a, Baba, ta gado ce.