Koci ko taron formasiyo: wanne ya fi gyara shugaba?

Tambayar nan ta yi yawa, jiya ma a fadarmu ta Birni wani direkta ya tare ni da ita, to bari in faɗi abin da na gani.

Formasiyo dai, wato taron horo, kun san ta, kwana 2 ko 3 a zaure ɗaya, a sha shayi a karɓi takarda, kuɗinta da sauƙi tunda an raba wa mutane da yawa kuma za ka haɗu da sababbin mutane. Matsalar ita ce ran Litinin mutum ya koma buro ya ci gaba da daka wa sakatare tsawa kamar bai je ba.

Koci kuwa, wato mai horar da shugaba kan halinsa a wurin aiki, kai da shi ne kawai, wata da watanni. Zai zagaya ya tambayi na ƙasa da kai da na sama yadda suke ganinka ba tare da faɗin suna ba, ya zo ya karanta maka, wallahi akwai ɗaci, na ga babban mutum ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Daga nan ku ɗauki hali ɗaya ko biyu ku bi shi. Tsada kam akwai, kuma samun na ƙwarai a Damagaram sai an tona, galibi sai Yamai ko ta WhatsApp, sannan in ba mai riƙe sirri ba ne ka shiga uku.

Sabon shugaba mai neman sanin aiki, formasiyo ta ishe shi. Wanda ya san aiki amma halinsa ke korar ma'aikata, kuma zai iya jure gaskiya, shi ya nemi koci.