Motar da ke jure zafi da ƙurar Damagaram: Toyota da abokan karawarta

A Damagaram, duk wanda ya tara kuɗin mota ya je neman shawara, abin da zai fara ji shi ne ya sayi Toyota ya huta. Shawarar tana da tushe, amma ta yi gajarta, kuma wannan gajartar ce ke sa mutum ya zuba miliyoyin sefa a kan motar da za ta fi kwana a garaj fiye da gida. Tambarin da ke goshin mota ba shi ke ɗaukar zafin Afrilu da Mayu ba, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba kuma shi ke tace ƙurar hunturu ba. Injin da ke ƙarƙashin kapo ne ke wannan aikin, kuma a gidan Toyota kanta akwai injin da ya cancanci sunan, akwai wanda yake cin albarkacin ƴan'uwansa kawai.

A ƙananan motoci, har gobe babu wadda ta kai tsohuwar Corolla ta ƙarshen shekarun 1990 da Carina E ta 1992 zuwa 1997 sauƙin riƙo, in dai masu inji 4A-FE ko 7A-FE ne. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, tana iya shan zafi sau ɗaya ko biyu ba ta lanƙwashe ba. Kuruwar da ke juya supap, wato bel ɗin da ke motsa bawul ɗin inji, ana canza ta a kilomita 100,000, kuma ko ta tsinke a hanya fistin ba ya dukan supap, a sa sabuwa a ci gaba da tafiya. Ciwonta sananne ne: delko, wato na'urar da ke rarraba wuta ga buji. Kwayil ɗin da ke cikinsa yana tsagewa da tsufa, sai mota ta tashi lafiya da safe, in ta ɗumama ta fara tari tana tsinke wuta. Matsalar waɗannan motoci yanzu ita ce shekaru. Samun wadda ba a taɓa buɗe mata inji ba ya yi wuya, kuma robobin ƙafa da wayoyin lantarki duk rana ta ci su.

Corolla ta 2002 zuwa 2007 ita ce ta cika gari, kuma ta cancanta, amma a san me ake saya. Injinanta, wato 1ZZ, 3ZZ da 4ZZ, sarƙa suke amfani da ita maimakon kuruwa, an huta da wannan lissafin. Gangar kuwa alminiyom ce, ba ta yafe zafi. Waɗanda aka ƙera kafin 2005 da yawansu suna shan baƙin mai, domin ƴan ramukan da ke mayar da mai a bayan segman, wato zoben fistin, ƙanana ne, suna toshewa da dauɗa, sai mai ya riƙa ƙonewa tare da esansi. Hanyar ganewa ba ta buƙatar na'ura. A cika mai daidai layin sama na sandar awo, a yi kilomita 1,000, a ajiye mota a wuri mai daidai da safe kafin a tashe ta, a sake aunawa. Tsakanin layin sama da na ƙasa ya kai lita ɗaya ko fiye. In mai ya sauka har ƙasa, injin yana neman sabon segman, kuma a gaya wa makanike ya buɗe ramukan fistin da kyau, in ba haka ba bayan shekara an koma gidan jiya.

Inda sunan Toyota ke yaudarar mutane shi ne Camry da RAV4 masu inji 2AZ-FE mai lita 2.4. Na shekarun 2007 zuwa 2009 sun yi suna wajen shan mai. Na kafin nan kuma, daga 2002 zuwa 2006, suna da ciwon da ya fi wannan muni: haƙoran da ke riƙe kusoshin kulas, wato kan inji, a cikin gangar inji suna zamewa, galibi ta ɓangaren baya, ruwa ya fara tsiyaya ba a gani. Wanda bai sani ba zai canza juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da ganga, sau biyu sau uku, ruwa bai daina ɓata ba, domin kusar ba ta kama komai. Sai an sake yanka haƙora an dasa ƙarfe a ramin. Haka ma Avensis mai lita 2.0 da aka rubuta wa D-4. Tana fesa esansi kai tsaye cikin silinda da pompo mai matsi sosai, gawayi yana taruwa a bakin supap, kuma masu iya gyaranta ba su da yawa. Mai son Avensis ya nemi mai lita 1.8 da giyar hannu.

Ga wanda aikinsa ke kai shi Tanut da Agadas, ko gabas ta Gure zuwa Difa, ko ƙauyukan da babu kwalta, magana ta koma kan Land Cruiser da Hilux. Land Cruiser ƙirar 78 da 79 mai inji 1HZ, silinda shida, lita 4.2, tun 1990 ake ƙera wannan injin, kuma dalilin daɗewarsa a fili yake. Pompon gazuwal ɗinsa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da za ta kashe mota a tsakiyar rairayi saboda wata waya ta saki. Ba shi da gudu, yana cin mai, juyen baƙin mai ɗaya yana ɗaukar kusan lita 10, amma duk makaniken da ya san dizal zai iya taɓa shi a gindin bishiya. Abu biyu ne ke cin masu shi. Na farko jan kaya mai nauyi a giya ta biyar, wanda ke kashe bwat, wato akwatin giya, kafin lokacinta. Na biyu ƙwallon ƙafar gaba: a durƙusa a duba bayan taya, in an ga baƙin maiƙo mai ruwa-ruwa yana gangarowa a jikin ƙwallon ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, robar cikin aksil ta saki, man difaransiyel ya wanke giris. A gyara a wannan matakin kuɗin roba ne da giris. A bari kuwa, sai an sayi ƙarfe.

Hilux mai D-4D, wato inji 2KD ko 1KD, ta fi tsimin mai, ta fi daɗin tuƙi, kuma kuruwarta tana kai kilomita 150,000. Amma tana fesa gazuwal da matsin da ya haura bar 1,300, saboda haka ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi a cikin mai kai tsaye yake cin anjekta. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewacin gari take ba mu gazuwal, to amma tsakanin matata da tankin mota akwai jarka, akwai duro, akwai mazurarin da ya kwana a ƙasa. Mai irin wannan motar ya sha mai a gidan mai, ya canza matatar gazuwal a kan kari, kuma da fitilar ruwa ta kama ya tsaya ya zubar da ruwan ta ƙasan matatar. A 1KD akwai ƙarin abin lura. Wanshar tagulla da ke ƙarƙashin anjekta tana saki, hayaƙi ya riƙa shiga cikin baƙin mai, gawayi ya taru ya toshe rariyar da pompo ke zuƙo mai ta cikinta. Mota tana tafiya lafiya, rana ɗaya inji ya ƙwanƙwasa. Lokacin juye, bayan mai ya gama tsiyaya, a haska tocila ta ramin kusar ƙasa: ana hango rariyar, in ta yi baƙi ta cushe a sauke kwanon mai a wanke, a canza wanshar duka huɗu.

Hiace ta haya mai inji 3L ko 5L ba ta da dogon bayani. Tana ɗaukar wahalar hanyar Magarya da Matamai shekara da shekaru, amma in allurar zafi ta hau ja sau ɗaya direba ya ce bari in ƙarasa tasha, kulas ya tsage.

Peugeot tana da masoyanta a nan, kuma suna da hujja. An yi shekaru da yawa ana haɗa 504 a Kaduna kafin a daina, kayan gyaranta sun daɗe suna shigowa ta Kano da Daura, kuma har yau ba a yi ƙaramar motar da ke haɗiye gargada kamarta ba. 406 ta gaji wannan laushin. A doguwar hanyar Maraɗi zuwa Yamai ta fi Corolla zama a kan titi, ta fi ta hutar da baya, kuma kuɗin sayenta bai kai na Toyota ba. Sharaɗin shi ne giyar hannu. Bwat ɗin otomatik mai suna AL4 tana da ƴan bawul na lantarki da ke gajiya, sai mota ta yi fizga ta maƙale a giya ta uku. Kuma a 406 kuruwa ba abin wasa ba ce, in ta tsinke supap sun lanƙwashe. 307 kuwa ba ma ba da shawararta ga wanda ba shi da ƙwararren mai lantarki a hannu, domin akwatin BSI da ke sarrafa fitilu, makulli da tashin mota ba ya son ruwa, ba ya son batir mai rauni, ba ya son masu yanke waya su ɗaura.

Tsohuwar Mercedes 190 da W124 masu dizal, inji OM601 ko OM602, ƙarfe ne na gaske, sai dai an daina ƙera 190 tun 1993, saboda haka tsufa ake saya. Wani abu da ke ruɗa sabon mai ita: iska ce ke kashe injin, ta wani siririn tiyo. In tiyon ya fashe, za a zare makulli inji yana ci gaba da aiki. Akwai ɗan hannu a jikin pompo mai rubutun STOP, a danna shi, sannan a bi tiyon a samo inda ya tsage.

Honda Accord injinta bai gaza na Toyota ba, wani lokaci ma ya fi. Ƙafar gaba ce lagonta. Rotil ɗin ƙasa, wato gaɓar ƙwallo da ke riƙe taya, shi ne ke ɗauke da nauyin mota, in robarsa ta yage ƙura ta shiga, yana iya ɓallewa ana cikin tafiya taya ta kwanta. A hanyoyinmu dole a duba shi a kowane juye, kuma kada a sa na arha. Bwat ɗinta ta otomatik man Honda kaɗai take so. Nissan X-Trail da Qashqai masu bwat ɗin otomatik irin CVT zafi da rairayi ne maƙiyansu, kuma mu nan abin da muke da shi ke nan. Patrol mai inji TD42 tsarar 1HZ ce, amma mai ZD30 na farkon shekarun 2000 ya yi suna da fasa fistin. Ƙananan Hyundai da Kia kamar Accent da Picanto ba su da laifi a cikin gari, abin da ke gajiyar da masu su shi ne jiran kayan gyara daga Kano ko Yamai, alhali mai Corolla yana samun nasa a cikin gari kafin azahar.

Wannan samuwar kaya ita ce rabin gamsuwar masu Toyota, ɗaya rabin kuma ranar sayarwa, domin tana riƙe daraja kuma mai saye ba ya wuya. Amma farin jinin nan ya jawo mata jabu. Matatar mai, buji, takalmin birki, duk akwai su a kwali mai tambarin kamfani alhali cikinsu ba na kamfani ba ne. Sau da yawa kayan gwanjo na asali ya fi sabon jabu daɗewa.

Akwai al'ada guda da ke kashe mota kowace iri ce, kuma tana ba mu takaici domin da kyakkyawar niyya ake yin ta: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin Toyota yana buɗewa a wajen digiri 82, kuma a injina da yawa yana rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe, don ya tilasta ruwa ya bi ta radiyata. In an cire shi, wani ruwan yana zagayawa cikin inji bai je ya huce ba. Da sanyin hunturu kuma inji ba ya ɗumama, kwamfuta ta yi ta ƙara esansi. In mota tana zafi a duba murfin radiyata, wanda ya kamata ya riƙe bar 0.9 ko 1.1 yadda aka rubuta a kansa, a duba ƙura da ƙaiƙayi da suka cushe tsakanin radiyata da na'urar sanyaya ɗaki, a daina zuba ruwan rijiya mai barin farin gishiri a cikin bututu. Haka nan baƙin mai 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota. Ya dace da 504 da tsohuwar Carina, amma inji mai VVT-i yana da ƙananan hanyoyin mai, 5W-30 littafinsa ya ce, in ya tsufa 10W-40. Juye a kilomita 5,000, matatar iska a hura ta daga ciki zuwa waje, in takardar ta huje ko yaya a jefar.

Wanda zai saya, ko ta fito daga Kwatano ko Lome ko hannun wani a gari, kada ya dogara da lambar kilomita, ana mayar da ita baya. Ya zo da sassafe ya taɓa inji ya tabbatar da sanyi kafin a tashe ta, ya tsaya a baya ya ga launin hayaƙin farko: shuɗi mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Ya buɗe murfin radiyata tun inji na sanyi, a tashe ta, in kumfa na tasowa a jere juwan kulas ya tafi. Ya kunna makulli ya ga fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan tashi, domin wasu suna cire ƙwan gaba ɗaya. Sannan ya shiga ƙarƙashi ya duba kwanon mai, musamman a Camry da Corolla ƴan Amurka masu ƙasa-ƙasa, waɗanda duwatsun lungunan Birni ba sa raga musu. In kwanon ya loɓa zuwa ciki, yana iya matse bakin rariyar mai, kuma kuɗin sabon kwano ya fita daga farashin kafin a yi sallama.